Kafintan da Ya Zo Gyaran Ƙofa

Gyaran ƙofa ne ya kawo shi. Ƙyauren zauren ƙungiyar matasa ne ya sauko yana jan ƙasa, sai an sa kafaɗa kafin ya buɗe, shi ne aka aika aka kira kafintan da ke bayan tashar mota. Lokacin yana da jini a jika, gashin kansa baƙi wuluk, fensir maƙale a kunne. Ya sauke akwatin kayan aikinsa ya durƙusa a bakin ƙofa, a tunaninsa kafin rana ta faɗi ya gama ya kama gabansa. Abin da bai sani ba shi ne ya tare wa yara hanya. Da ya ɗaga guduma sai wani ya ce, "Kawu, zan wuce." Ya janye ƙafa. Ya sake saita ƙusa, wata ta ce, "Kawu, a ba ni hanya." Da abin ya ishe shi sai ya kafa doka: duk mai wucewa sai ya tsaya an kalle shi tukuna. Yakan ɗaga kai ya ƙare wa yaro kallo, irin kallon da yake wa katako kafin ya yanka, sannan ya liƙa masa suna.

Na farko wani ƙaton yaro ne mai dukan ƙwallon tebur kamar teburin ya yi masa laifi, ya zama Guduma. Wata mai surutu, wadda bakinta ke kaiwa da komowa ba hutu, ta zama Zarto. Akwai siririn da in ya shiga wuri sai an ciro shi da ƙarfi, shi ne Ƙusa. Akwai Gam, wanda in ya liƙe maka ka shiga uku. Washegari da kafinta ya dawo ƙarasa aiki, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, bai haɗa wani da wani ba. Yaran suka ɓarke da ihu suna dukan tebura. Tun daga nan abin ya zauna: duk sa'ad da Kawu ya raɗa sabon suna, sai a daki tebur har ƙwallaye su yi tsalle su faɗo ƙasa.

Ƙofa ta gyaru, amma Kawu bai tafi ba. Da safe yana shagonsa, yana haɗa gadaje da kabad-kabad da kujerun makaranta. Da yamma sai ya kakkaɓe garin katako daga gira, ya canza riga, ya ɗauki 'yar kujerar da ya ƙera wa kansa ya dasa ta a bakin zauren. Ba wanda ya naɗa shi komai. Ba koci ba ne, bai taɓa cin kowa a ƙwallon tebur ba, ranar da ya gwada ma sai da aka roƙe shi ya ajiye faifan bugun ƙwallon don mutuncinsa. Shugabanni sun zo sun wuce, an yi zaɓe, an yi rigima, an shirya, an canza fenti, shi dai yana nan yana kiran sunan duk wanda ya sako ƙafa.

Da kayan aikinsa suka ƙare sai ya faɗa kicin: Ludayi, Rariya, Murfi. Kicin ya ƙare ya koma mota: Birki, Oda, Salansa. Daga nan tsuntsaye, daga nan kayan ɗinki. Yara ɗaruruwa suka ratsa ta gabansa, kuma ga abin da har yau ake riƙe baki a kansa: bai taɓa maimaita suna ba, bai taɓa mance mai suna ba. Guduma ya girma ya zama direban babbar mota, ya yi tumbi, yana kawo 'yarsa zauren da kansa. Wani kan ɓace shekara da shekaru, ya dawo da gemu da tabarau, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru don ya gwada tsohon. Kawu ko gezau. Sai ya ce, "Rariya, har yanzu ba ka iya riƙe magana?" Sai ka ga ƙaton magidanci yana dariya yana share ido.

Mai ganin abin daga nesa zai ce wasa ne. Mai faɗin haka bai san yara ba. Akwai yaron da zai wuni cur ba wanda ya dubi fuskarsa. A gida "kai" ne, a aji "na baya can" ne, a titi "matsa" ne. Sai ya iso bakin ƙofar nan ne wani zai ɗaga kai ya dube shi sosai, ya kira shi da sunan da ba na kowa ba ne a duniya sai shi. Kawu ya san wannan sarai, shi ya sa ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo.

A gida kuwa ba a ɗauke shi gwani ba. Matarsa takan ce, "Mutumin da ya haddace 'ya'yan mutane kaf, amma a aike shi gishiri ya dawo da ashana." Shi kuma ya ce ai gishiri ba shi da fuska.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, a zauren ta tashi. Yanzu tana aiki a kantin magani, da yamma kuma ita ce magatakardar ƙungiyar. Ita ta kawo sabon tsari. Da can in za a yi taro sai a manna takarda a bango, iska ta ɗauke, a yi ta aike baki da baki, rabi su zo ranar da ba ita ba. Sai kwamiti ya amince a koma manhajar da ke kan intanet, inda kowane mamba yake da shafinsa, da hotonsa, da adireshin imel ɗinsa ko na iyayensa. Har tsofaffin mambobi suka yi rajista daga duk inda rayuwa ta jefa su.

Wata rana ta janyo shi cikin ɗan ofishin zauren, wanda ke da tagar gilashi mai kallon ciki, ta nuna masa.

"Ka gani, Baba? Sau ɗaya zan rubuta. A sama na bar gurbi. In na zaɓi duka mambobi na danna nan, kowa zai samu nasa, da sunansa a gurbin."

"Kowa da kowa? A tare?"

"Kafin ka ƙifta ido."

Kawu ya matso da fuska dab da allon kwamfutar, ya daɗe yana kallo. Abin da yake ci masa yamma guda ne aka ce ana yi da ɗan yatsa. Ya ce, "Wato ya san su?"

"Bai san kowa ba. Abin da aka zuba masa yake fitarwa."

"To ashe gaisuwar ƙarya ce," in ji shi, ya miƙe ya koma kujerarsa. A ransa kuwa abin ya burge shi ƙwarai, girman kai ne ya hana shi faɗa.

Ranar da abin ya same shi ba ta da wata alama. Yamma ce irin ta kullum, yara na shigowa yana kira. Sai ga wata yarinya doguwa siririya, 'yar babbar sakandare, da jaka a kafaɗa ɗaya. Ya san fuskar. Ya san ba ta cika magana ba, ya san ita ce ke fita a ƙarshe. Ya buɗe baki, sunan bai zo ba. Ya lalubi wurin da sunan yake zama, ya tarar wayam. Yarinyar ta tsaya tana jira, murmushinta na raguwa. Daga ƙarshe ya ji bakinsa ya ce, "Sannu, 'yata." Ta amsa a ladabce ta wuce, amma sai da ta waiwayo. Wannan waiwayen ya fi masa mari ciwo.

Washegari ya ce bayansa ke ciwo. Kashegari ma haka. Kujerarsa ta zauna a bayan ƙyaure ba mai hawa. A shago ya sa ido a kan kansa, sai ya ga ashe abin ya daɗe da farawa: yakan auna katako, kafin ya kai hannu ga zarto awon ya gudu, ya haɗa wa wata mata kabad ya manta ta riga ta ɗauka. Auta, da take ganin irin wannan a wurin aikinta, ba ta yi masa dogon bayani ba, ta sa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya yi tambayoyi, ya yi gwaje-gwaje, ya faɗa musu gaskiya a tausashe: mantuwar za ta riƙa ƙaruwa, a hankali dai, amma ba za ta koma baya ba.

A hanyar dawowa, da suka kusa gida, Kawu ya dubi 'yarsa.

"Na bar ƙofar nan, Auta."

"Haba, Baba. Don suna ɗaya?"

"Yau ɗaya ne. Gobe zan dubi yaro in ce masa 'kai'. Ai gara ya tarar da kujera ba kowa da ya tarar da ni in ce masa haka." Ya gyara hularsa. "Abin nan naki mai gurbi. Sunan makaranta kaɗai yake ci, ko zai ci nawa?"

"Duk abin da aka sa masa."

"To zan yi sallama da su. Amma da sunayena, kuma daga bakina. Ki nuna min fuska, in kira, ki rubuta. In na kakare kada ki taimake ni. Ba na son ko ɗaya ya zama gaisuwar ƙarya."

Haka suka zauna a tsakar gida, yamma bayan yamma, kwamfuta a cinyar Auta, matarsa na tsintar wake a gefe tana yi kamar ba ta sauraro. Hoto ya fito, Kawu ya kira. "Birki. Tattabara. Wannan Almakashi ce, ita ta raba faɗan nan na ranar wasan kwaikwayo. Salansa, uban hayaniya." Wani hoton na mutum ne mai furfura a gemu wanda rabonsa da zauren tun Auta na goye, amma kafin hoton ya gama buɗewa an kira shi. Auta tana ta bugawa. Ta taso tana jin ana cewa babanta ba ya mantuwa, amma ba ta taɓa ganin abin jere a wuri ɗaya ba sai yanzu da yake shirin tafiya. Matarsa ma ta ajiye tiren, ta ce, "Ikon Allah. Duk wannan a kan nan da ba ya riƙe gishiri?"

Ya kira su duka, sai mutum ɗaya. Duk sa'ad da hoton doguwar yarinyar nan ya fito, sai ya yi kasaƙe. Ya ce a wuce, a dawo. Aka wuce, aka dawo, shiru.

Ya faɗa wa Auta abin da za ta rubuta a saƙon, gajere ne: Kawu ne, ya tsufa, daga yanzu ba za a ƙara ganinsa a bakin ƙofa ba, kowa ya yafe masa. Da ta gwada duba saƙon kafin aikawa, sai manhajar ta fito da jan rubutu, wai akwai mutum ɗaya da gurbinsa ba komai.

"Ka ga har ita ta lura," in ji Auta. "Bari in cike, Baba. Yana bakina."

"Ki haɗiye shi."

"To a aika wa sauran, ita a bar ta."

"A kira kowa a bar ta? Ita da na riga na ba kunya a gaban mutane?"

Saƙo ya zauna a ajiye. Ɗaruruwan mutane ba su san ana riƙe da wasiƙarsu saboda yarinya ɗaya ba. Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye. A shago yakan zazzage akwatin aiki ya ɗaga kowane ƙarfe ya kira sunansa, ko zai ji ya yi daidai da fuskar. Ya shiga kicin yana buɗe-buɗe har matarsa ta kore shi da tsintsiya. Ya tsaya a tashar mota yana kallon makanikai. Sunan ya ƙi zuwa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da injin yankan katako ya kusa raba shi da yatsa.

Ranar Asabar da yamma ya saduda. Ya ce wa Auta su je ofis a gama, ta rubuta "'yata" a gurbin, tunda abin da ya rage masa ke nan. Suka bi ta ƙofar baya don kada a gan shi. Ta kunna kwamfuta, shi kuma ya tsaya a jikin tagar gilashi yana leƙen zauren da ya yi kewa. Ba ya jin maganarsu sosai, sai gunjin hayaniya da ƙarar ƙwallo a kan tebur.

A tebur na tsakiya rigima ta tashi a kan faifan wasa. Wani ya ture wani, wanda aka ture ya nuna waje da yatsa, alamar su je can su ƙarasa. Suka nufi ƙofa a fusace, 'yan kallo na biye. Sai ga doguwar yarinyar nan daga gefe. Ba ta yi gudu ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai zame a kaikaice ta shiga tsakanin dogaran ƙofar, ta dafa wannan gefe da hannu, wancan da ƙafa, ta tsaya. Samarin suka yi ta kumfar baki, ita ko kallonsu ba ta yi ba. Da suka ga ba hanya, suka huce da kansu, suka koma tebur suna gunaguni.

Dariya ta kuɓuce wa Kawu, ta farko tun da aka dawo daga asibiti.

"Auta, dakata. Kada ki rubuta 'yata. Tunda tsohon sunan ya ɓace, ai ni na raɗa shi, zan raɗa mata sabo. Dubi yadda ta zame ta kulle ƙofar nan. Wannan ai Sakata ce."

Bai ji ƙarar bugun kwamfuta ba. Ya juyo ya ga hannuwan Auta a sama da madannai, ta ƙura masa ido.

"Mene ne? Bai dace ba?"

"Leƙa ka kira ta da shi, Baba."

Ya buɗe ƙofar ofis, ya gyara murya. "Sakata!"

"Na'am, Kawu!" Ta juyo nan take, fuskarta ta washe. Zauren ya ɗauka, "Kawu ya dawo! Kawu ya dawo!" Shi kuwa tsaye yake yana jiran abu ɗaya, dukan tebur na sabon suna. Ya dubi tebur na farko, ya dubi na biyu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ƙwallaye na zaune a inda suke.

Ya koma ciki ya zauna a kan kujerar baƙi.

"Shi ne, Baba," in ji Auta. "Shi ka sa mata ranar da ta fara zuwa."

"Ban tuna ba, Auta. Wallahi ban tuna ba. Gani kawai na yi."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Duk shekarun nan shi ma ya ɗauka riƙo ne baiwarsa, ma'ajiyar nan da ke cikin kai, kuma ita ce likita ya ce tana yoyo. Bai taɓa tunanin idon da ya fara ganin yaran yana nan daram ba. Mamaki ya cika shi, har da ɗan tsoro, kamar wanda ya daɗe a gida sannan aka nuna masa wani ɗaki a ciki.

"Goge sallamar nan," ya ce. "Rubuta wannan."

Ta rubuta yadda ya faɗa. A sama gurbin suna, a ƙasa kuma: Kawu ne. Kaina ya fara yoyo, likita ya ce ba a liƙe shi. Wata rana za ka zo ƙofa sunanka ya ƙi zuwa bakina. In haka ta faru kada ka faɗa min, kada kuma ka wuce. Ka tsaya in kalle ka.

Auta ta cike gurbin ƙarshe, jan rubutun ya ɓace. Ta zaɓi duka mambobi, ta juyo da kwamfutar gabansa. Ya miƙa ɗan yatsansa mai kaurin farce da tabon zarto, ya danna a hankali, don bai saba taɓa abin da ba ya buƙatar ƙarfi ba.

Kafin ya janye hannu zauren ya ɗauki ƙara. Wayoyi ne, a aljihu, a jaka, a kan benci, wata na kukan tsuntsu, wata na ƙararrawa, duk a numfashi ɗaya. Wasa ya tsaya. Ta cikin gilashi ya ga kawuna sun sunkuya a tare, leɓɓa na motsi, kowa na karanta sunan da ba na kowa ba ne sai shi. Ya tuna ba a nan kaɗai ba ne, a daidai wannan lokacin akwai wayar da ke ƙara a wani asibiti, a wani gareji, a wata ƙasa da bai san sunanta ba. Ya kira su duka, kuma kowane ɗaya sai da ya dubi fuskarsa. Ya ce a hankali, "Kai, duniya."

Bai jira su ɗago ba. Ya ratsa ta tsakiyarsu, ya zaro kujerarsa daga bayan ƙyaure, ya hure ƙurar, ya dasa ta a wurinta.

Bai daɗe da zama ba babbar mota ta yi birki a waje. Wani ƙato mai tumbi ya sauko, ya zo ɗaukar 'yarsa, waya a hannunsa, allonta bai ko mutu ba. Guduma ne, yaron farko da Kawu ya taɓa raɗa wa suna. Kawu ya ɗaga kai, ya buɗe baki, sunan bai zo ba.

Mutumin ya gani. Ya sa wayar a aljihu, ya cire hularsa, ya matso inda haske ya fi, ya tsaya da hannuwansa manya-manya a gefe.

"Ba sauri nake ba, Kawu," ya ce. "Kalle ni a tsanake."

Kawu ya gyara fensirin da ke kunnensa, ya fara daga kafaɗu.